Tafin Hannu Huɗu

Na tashi aikin dare a asibitin Mayen,
ido ya yi ja, kafaɗa ta yi tsami.
Ban nufi gida ba, na karya kan mota
zuwa garejin Ansgar, mai sayar da taya.

Motar ƙarama ce, kujera biyu rak,
ja kamar barkono, cikinta na shafar ƙasa.
Shekara shida ina tara kuɗinta,
ban ci bashi ba, da gumina na biya.

Litinin zuwa Juma'a saliha ce,
tana tsayawa a danja, tana ba mai keke hanya.
Ran Lahadi, a filin tsere na duwatsun Eifel,
sai ta tuɓe kunya.

Na ce, "Ansgar, ba ni mai laushin nan,
mai ƙarancin zane, mai kama kwalta kamar kaska.
Torben ya ba ni ratar daƙiƙa huɗu,
yana cire hular kwano yana min murmushi,
abin yana ci mini zuciya."

Tsohon bai tanka ba. Ya goge hannu a tsumma,
ya durƙusa, gwiwarsa na ƙara,
ya cusa kwandalar Yuro a zanen tsohuwar tayata,
ya karanta lambobi huɗun da ke gefenta
kamar mai duba haƙoran tunkiya.

Ya ce, "Miƙo hannunki." Na miƙa.
"Kin ga faɗin tafin nan? Iyakar abin da ke taɓa ƙasa ke nan.
Duk rurin da injinki ke yi,
da birki, da sitiyari, da ke kanki,
tafi huɗu ne ke riƙe da ku a duniya.

"Wadda kike so ba ta da ta biyu
in rana ta gasa kwalta, in ta zagaya ta ɗau zafi.
Amma 'yar gata ce, ba ta son sanyi.
Asubar Oktoba sai ta sandare kamar katako,
ruwa ya kwanta, ba ta da kwatar kore shi,
ki murza hagu, mota ta ce a sauka lafiya,
ta zama kwalekwale, ba matuƙi, ba igiya.

"Waccan mai taurin za ta kai ki shekara huɗu,
amma zagaye uku a fili ta fara kuka,
gefenta ya narke, ya yi ɓawo kamar ƙanzo.
Taura biyu ba ta taunuwa, Imke.
Wanda ya ce miki tana yi, ƙarya."

Sai ya leƙa ta taga. A kujerar dama
ga safar hannu guda, ƙarama, ruwan ɗorawa,
ga ɓawon lemo, ga littafin lissafi na aji uku.
"Na wa?"
"Na Frauke."
Bai ƙara ba.
Ya mirgino ta tsaka-tsaki daga can baya.

Lahadi na rage iska kafin in shiga, yadda ya ce.
Da na fito na auna, zafi ya mayar da abin da na cire.
Daƙiƙa ɗaya na ci.
Torben ya ɗago min yatsu uku, yana dariya.

Laraba, bakwai saura, duhu da yayyafi,
jiƙaƙƙen ganye ya manne a kwanar daji,
Frauke tana haddar bakwai sau takwas,
barewa ta faɗo hanya.

Na taka. Bel ya cije ni a ƙirji,
birki ya yi ta rawa ƙarƙashin ƙafata.
Muka tsaya.
Numfashinta na tururi a hasken fitila,
ta dube mu, ta tsallaka, ba gaggawa.
Frauke ta ce, "Hamsin da shida ne, Mama?"
Na ce, "Shi ne." Muka ci gaba da tafiya.

Ban gaya wa Ansgar ba. Zai ɗaga gira, na san shi.
Kuma kada in rufe ku:
daren jiya, tsakanin allurar gado na tara da na goma,
daƙiƙa ukun nan nake ta bi kwana-kwana,
ina neman inda suka ɓuya.